Ƙananan sandunan da ke gefen kan jirgin tururi, mene ne aikinsu?

Wani matashi mai gyaran babur a nan cikin Katsina ya aiko mini da tambaya, ga ta yadda ya rubuto: "Baba, na kalli bidiyon tsohon jirgin ƙasa mai cin kwal. Babbar sandar da ke tura ƙafa na gane ta, kwanrod ce irin tamu. Amma ƙananan sandunan nan da ke ta rawa a samanta, me suke yi? Kuma an ce mini jirgin ba giya ba kulochi. To yaya yake tashi da kaya, yaya yake yin ribas?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Mutane da yawa sun kalli abin da ka kalla, hayaƙi da usur kawai suka tsinta. Kai idonka ya sauka daidai inda hikimar jirgin take. Ni a gindin waɗannan sandunan na koyi aikin fita, wato makanikin jirgi, a loko ta Zariya, garejin kawunan jirage, a ƙarshen zamanin jiragen kwal, lokacin da na dizal suka fara karɓe layi. Sandunan nan su ne giyar jirgin, su ne ribas ɗinsa, su ne tayimin ɗinsa. Aikinsu gaya wa tururi lokacin da zai shiga silinda, sannan, wanda ya fi wannan muhimmanci, lokacin da zai daina shiga.

Mu fara daga injin da ka sani. A babur wuta cikin silinda take tashi, a bisa kan fistin, ƙarfen da ke kai da komo a cikinta, sau ɗaya a kowane juyi biyu na kuranki, wanda ke maida kai da komon nan juyi. Muddin injin bai juya ba, ba shi da ƙarfin komai, shi ya sa sai ka buga kik, shi ya sa kuma kake buƙatar kulochi da giya ɗaya kafin ka motsa. Jirgin tururi wutarsa a waje take. Fayaman na zuba kwal a murhu, wuta na dafa ruwa a wata doguwar tukunya, tururi na taruwa a rufe har matsinsa ya kai kamar fam 200 a kan kowane inci murabba'i. Tayar ƙaramar mota fam 30 da 'yan kai take ɗauka. Ɗauki fistin mai faɗin inci 18, ka auna fuskarsa ka ninka da wannan matsi, za ka samu turi na kusan tan 23. Kuma turin yana nan ko jirgin na tsaye cik. Da an buɗe masa hanya zai danna. Maganar kulochi ta ƙare a nan, domin tururi ba ya jiran inji ya juya kafin ya yi ƙarfi.

Sannan fistin jirgi ta fuska biyu ake tura shi. Silindar a toshe take gaba da baya. Tururi ya shigo ta gaba ya kora fistin baya, ya shigo ta baya ya maido shi gaba, wanda ya gama aiki kuma a fitar da shi ta bututun hayaƙi. Mai tsaron waɗannan ƙofofi shi ne bawul. Yana kwance a wani ɗan ɗaki a saman silinda ko a gefenta, kuma ba ɗagawa yake yi kamar na babur ba, zamewa yake yi gaba da baya. Na dauri kamar ƙoƙo ne da aka kife a kan ramuka uku: biyu na gefe suna zuwa bakunan silinda, na tsakiya mafita ce. In ƙoƙon ya zame sai rami ɗaya ya buɗe tururi ya faɗa, cikin ƙoƙon kuma ya haɗa ɗaya ramin da mafita. Aibinsa shi ne tururi na danne shi a kan mazauninsa, jansa na cin ƙarfi. Da aka fara ƙara wa tururi zafi ta hanyar sake bi da shi cikin bututan da hucin wuta ke ratsawa, dabarar da ta bazu daga Jamus a farkon ƙarni na 20, sai mai ya daina zama a fuskar ƙoƙon. Aka koma wa bawul mai siffar kalangu, kawuna biyu masu ringi da siririn ƙugu a tsakani, yana kai da komo cikin bututu. A yawancin jirage sabon tururi a ƙugun yake zama, tsohon ya fice ta bayan kawunan.

Yanzu wa zai riƙa motsa bawul ɗin, kuma a wane lokaci? Riƙe wannan da kyau, sauran bayanin duk a kansa ya hau. Lokacin da fistin ya kai ƙarshen tafiyarsa ya tsaya zai juyo, a lokacin bawul yake tsakiyar tasa tafiyar, yana sauri, yana buɗe ƙofa. Lokacin da fistin ya zo tsakiya yana gudu, bawul ya kai ƙarshe, ƙofa na buɗe hanhai. Wato bawul yana gaban fistin da rubu'in juyin ƙafa, digiri 90. Ka maida wannan rubu'in ɗaya ɓangaren, sai tururi ya fara shiga ta ƙofar da za ta juya ƙafa baya. Ribas ɗin jirgi ke nan kacokan. Ba haƙorin da ake sauyawa, ƙofar da tururi zai fara shiga kawai ake musanya masa, shi ya sa kan jirgi ke jan kaya da baya kamar yadda yake ja da gaba.

Da a ce buɗewa da rufewa ne kaɗai aikin, da sanda ɗaya ko biyu sun isa, kuma jiragen farko kusan haka suke. Abin da ya tara sandunan shi ne tattali. Ka taɓa tsayawa ka kalli mai ban ruwa a lambunan Ajiwa? Sabon shiga yana barin bakin fangali a buɗe sai ya ga ruwa ya taɓa ƙarshe, kafin ya toshe kuwa ruwan ya tumbatsa ya tsallake kunya. Gwani tun ruwa na rabin fangali yake sa fartanya ya datse, ya san wanda ya riga ya shiga zai ƙarasa da kansa. To tururi ya fi ruwa wannan hali nesa ba kusa ba, domin shi kumbura yake yi. Ka bar shi ya shiga har fistin ya ci rubu'in tafiyarsa, sannan ka rufe ƙofa. Wanda ke ciki ba zai zauna shiru ba. Neman wuri yake, yana faɗaɗa, yana ci gaba da tura fistin, ƙarfinsa na sauka a hankali har ƙarshen silinda. A lissafin takarda, rubu'in tururi na ba ka kusan kashi 60 cikin 100 na aikin da cikakkiyar silinda za ta yi, rabin tururi kuma kusan kashi 85. A kan layi ba a samun haka cif, zafi na zurarewa ta jikin ƙarfe, amma ka dai ga girman ribar. Inda bawul ke datse tururi shi ne katof, kuma da kashi cikin 100 na tafiyar fistin ake faɗarsa.

Kada ka ɗauka ƙaramin abu ne. Kwal ɗin da jiragenmu ke ci daga Inugu yake fitowa, inda aka gano shi a 1909, kuma jirgi ne ke jido shi zuwa Arewa. Duk shebur ɗin da aka zuba a murhu tsakanin Zariya da Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, inda layin ya isa a 1929, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya ƙone. Ruwa kuma ka san yadda yake a ƙasarmu da rani. Jirgin da ke zuƙar tururi ba lissafi zai iya ƙarar da tankinsa kafin ya kai inda ake shan ruwa na gaba. Kuma kwal ɗin nan ɗan Adam ne ke ɗibarsa da hannu, a gaban wuta, cikin zafin bazara. Katof ɗin da direba ya zaɓa a gadon bayan fayaman yake sauka.

Direba na da abubuwa biyu a gabansa da suka shafi tururi. Akwai regileta, mai buɗe hanya daga tukunya, kamar totur ɗinka. Akwai ribasa, wadda a wasu jirage doguwar liba ce mai haƙoran tsayawa, a wasu kuma hannu ne mai zare da ake murɗawa. Ita ke riƙe da sandunan da ka tambaya. In zai tashi da taragun gyaɗa da auduga, sai ya kai ribasa ƙuryar gaba, katof ya zama wajen kashi 75. Giya ɗaya ke nan. Ana buƙatar katof mai tsawo a tashi ba don ƙarfi kaɗai ba. Jirgi silinda biyu gare shi, kuma kurankin silindar dama da na hagu ba a jere suke ba, ɗaya na gaban ɗaya da rubu'in juyi, bugun wannan na faɗawa tsakanin bugun waccan kamar mata biyu masu lugude. In jirgi ya tsaya fistin ɗaya na maƙale a ƙarshe, inda ba shi da ikon juya kuranki, ɗayan yana tsakiya, shi zai tayar da jirgin. Amma fa sai in ƙofarsa na buɗe a wannan wurin. Da katof gajere ne, da sai ka buɗe regileta jirgi ya ƙi motsi, domin duka ƙofofin a rufe suke.

Ina yaro a Funtuwa na san wannan da kunne tun ban san sunansa ba. Jirgi in zai bar tasha, numfashinsa ɗaya bayan ɗaya yake fita, mai nauyi, cuf, a jira, cuf, har ƙasa na amsawa a tafin ƙafarka. Huɗu ne a kowane juyin ƙafa, biyu daga kowace silinda. Yana wuce sigina sai ka ji muryar ta sauya, ta yi laushi, ta yi sauri. Mu yara muna cewa ya huce. Ashe direba ne ya fara janyo ribasa wajen tsakiya, daga 75 zuwa 50, zuwa 35, in layi ya miƙe har 25 ko 20. Giyarsa ta sama ke nan, kuma babu tsalle tsakaninsu kamar na babur, duk inda ya so a tsakani zai iya tsayawa.

A nan ake gane direba. Wanda ya san aiki, da jirgi ya kama gudu yake buɗe regileta sosai, tururi ya iso silinda da cikakken matsinsa, sannan ya riƙa sarrafa ƙarfi da ribasa. Wanda bai damu ba ya bar ribasa can gaba, ya riƙa shaƙe tururi da regileta. Jirgin zai tafi, amma tururin da ke fita ta bututu bai gama aikinsa ba. Kuma ka sani wannan tururin mai fita shi ke zuga wuta, domin an saita bakinsa a ƙarƙashin bututun hayaƙi yana janyo iska ta cikin murhu, zugazugin jirgin ke nan. In ya yi yawa sai ya riƙa tsinke wutar, yana watsa garwashi sama, kwal na fita bai ƙone ba. Da kaka, ciyawa ta bushe a gefen layi, garwashin nan na iya tayar da gobara a karan mutane. Ni a wurina direban da ba ya taɓa ribasa bayan tashi bai gama koyon tuƙi ba, ko shekara nawa ya yi a kan jirgi.

To yaya ake sa bawul ya rufe da wuri? Dabaru biyu ne suka haɗu. Ta farko, ana yi wa bawul leɓe, gefensa ya zarce ƙofar da kamar inci ɗaya ko ɗaya da rabi. Sunansa laf. Saboda leɓen, sai bawul ya yi 'yar tafiya daga tsakiya kafin ƙofa ta fara buɗewa, a dawowa kuma ƙofa ta rufe tun bai iso tsakiya ba. Ta biyu, rage tsawon zirga-zirgar bawul. Leɓen ƙarfe ne, ba ya raguwa. In ka gajarta tafiyar bawul, leɓen zai cinye mafi yawanta, abin da ya rage na buɗewa ɗan kaɗan ne na ɗan lokaci. Janyo ribasa wajen tsakiya ba komai yake yi ba illa gajarta wannan tafiyar.

Akwai kuma abin da ake kira lid, ni tarya nake ce masa in ina koya wa yara. Baƙo mai daraja ba a jiran sai ya yi sallama, fita ake yi a taro shi. Haka ake barin ƙofa ta ɗan buɗe, kamar milimita 3 zuwa 6, tun fistin bai ƙarasa isowa ƙarshe ba, don ya tarar da tururi na jiransa. Ka san irinsa, adibans ɗin wuta ne a babur. A ɗaya ɓangaren ma bawul na sakin tsohon tururi tun fistin bai kai ƙarshe ba, kuma yana rufe mafita da ɗan wuri don ragowar tururin ya matse ya zama matashi. Fistin da sandarsa nauyi ne da su, in ba matashin nan da bugun da za su yi a kowane juyowa ya kakkarya fil-fil.

Tsarin farko da ya haɗa ribas da katof a liba ɗaya ya fito a Ingila wajen 1842, a masana'antar Robert Stephenson da ke Niyukasil. Sunansa tsarin ya ɗauka, amma ma'aikatansa biyu ne, William Howe da William Williams, suka ƙirƙiro shi. A kan aksul, ƙarfen da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu, ana ɗaura faifai biyu ga kowace silinda, faifan da raminsu ba a tsakiya yake ba, don haka in aksul ya juya sai su riƙa tura sanda gaba da baya. Ɗaya an saita shi don tafiya gaba, ɗaya don baya. Sandar wannan ta kama saman wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsaga, linki, sandar wancan ta kama ƙasansa, bakin sandar bawul kuma na cikin tsagar. Ka sauke linki, faifan gaba ke mulki. Ka ɗaga shi, na baya ya karɓa. A tsakani kuwa suna raba iko, tafiyar bawul ta gajarta. Tsari ne mai kyau, ya yi fiye da shekara sittin yana sarauta. Sai dai yawanci a cikin cikin jirgi yake, tsakanin ƙafafu, faifan nan huɗu masu nauyi suna juyawa a kan aksul, in za ka sa musu mai sai ka shiga rami.

Wanda ka gani a bidiyo, tunda a waje yake, kusan tabbas na Walschaerts ne, mu Walshat muke cewa. Egide Walschaerts ɗan ƙasar Beljiyam ne, foman a reluwen ƙasarsu, ya yi rajistar dabararsa a 1844 yana da shekara 24. Wani Bajamushe, Heusinger, shi ma ya gano irinta a 1849 ba tare da sun haɗa baki ba, har yau a Jamus sunansa ake kira. Duniya ta daɗe ba ta kula ba, sai da jirage suka girma, wuri ya ƙure a tsakanin ƙafafu, sannan a ƙarni na 20 ya mamaye ko'ina.

Hikimarsa ita ce bai ɗauki motsin bawul daga wuri ɗaya ba. Motsi biyu ya ɗauko ya haɗa. Bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. A kan babban fil ɗin da kwanrod ke kamawa a jikin ƙafa, za ka ga wani ɗan guntun hannu ya leƙo ya koma wajen tsakiyar ƙafar. Ƙaramin kuranki ne, an saita bakinsa rubu'in juyi daga babban. Daga gare shi siririyar sanda ta tafi gaba ta kama gindin linki. Linkin nan, mai kama da jinjirin wata a tsaye, an kafa shi da fil a tsakiyarsa, ba ya hawa ba ya sauka, lilo kawai yake yi: in gindinsa ya yi gaba, kansa ya yi baya. A cikin tsagarsa akwai ɗan dunƙulen ƙarfe, bulok, wanda ke riƙe da wutsiyar wata doguwar sanda mai zuwa wajen bawul. Wannan sandar ce ribasa ke ɗagawa da saukewa. Bulok na can ƙasa, yana samun lilo mai faɗi, jirgi na cikakkiyar giyar gaba. Bulok na can sama, lilon ɗaya ne amma a juye, ribas ke nan. Yana matsowa tsakiya lilon na raguwa, katof na gajarta. A tsakiya daidai, kan fil, linki na ta rawarsa bulok ko gezau. A yawancin jirage an zaɓi ƙasa ta zama gaba da gangan, don in abin da ke rataye da sandar ya tsinke a kan hanya, ta faɗi a giyar gaba, ba ta juya wa jirgi mai gudu tururi ba.

Motsi na biyu daga fistin kansa yake zuwa. Dubi bayan silinda, inda sandar fistin ta haɗu da kwanrod a wani takalmin ƙarfe mai zamewa a kan dogaye. Daga takalmin wata 'yar gajeriyar sanda ta kama ƙasan wata sanda da ke rataye kusan a tsaye. Ita ce sandar haɗi. A can samanta akwai fil biyu kusa da juna, ɗaya na sandar da ta taho daga linki, ɗaya na sandar bawul. Ƙasanta na bin fistin tafiyarsa duka, inci ashirin da wani abu, amma da yake fil biyun na kusa da juna, abin da ke isa bawul ɗan kaɗan ne, an auna shi ya zama daidai laf da lid ninki biyu, ba ƙari ba ragi. Wato aikin kawar da leɓe da na tarya an ɗora wa fistin, aikin buɗe ƙofa da zaɓen gaba ko baya an ɗora wa linki, sandar haɗi ta tara su ta miƙa wa bawul. Shi ya sa a Walshat lid ba ya canzawa duk inda ka kai ribasa, alhali a tsarin Stephenson yana ƙaruwa in ka matso tsakiya. Na shekara da shekaru ina kwance wannan abin ina ɗaurawa, har yau in na tuna yaro ɗan shekara 24 ya zana shi da fensir, sai na ce Allah mai ba da basira.

Mu nan ya dace da mu ƙwarai. Tsohon layinmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa uku da inci shida ne, milimita 1,067, ba wurin cusa faifai a ciki. Jiragen da aka sa wa sunayen koguna, masu ƙananan ƙafa biyu a gaba, manya takwas, biyu a baya, waɗanda aka fara kawowa daga Birtaniya a 1948, Walshat ne a jikinsu. Komai a fili, a tsayin ƙirji, fita na tsaye a ƙasa yana gani yana taɓawa.

Akwai wasu tsare-tsaren. Na Joy ya ɗauki motsinsa daga tsakiyar kwanrod, ramin da aka huda mata kuma ya zama wurin karyewa. Na Baker a Amurka ya jefar da tsaga da bulok, fil-fil kawai ya bari. Caprotti ɗan Italiya ya sa bawul mai ɗagawa da kam, ƙarfe mai tozo da ke danna bawul, irin na babur ɗinka. Gresley a Ingila ya sa sanduna biyu na waje suna tuƙa bawul ɗin silinda ta uku da ke ciki, da shi jirgin Mallard ya yi mil 126 a awa a 1938, gudun da babu jirgin tururin da ya karya. Amma darasin da ya fi waɗannan amfani ya faru a 1925, da kamfanonin reluwe biyu na Ingila, wanda Gresley ke wa aiki da wani na yammacin ƙasar, suka yi musayar jirage don gwaji. Jirgin kamfanin yamma, duk da ya fi ƙanƙanta, ya ja kaya iri ɗaya da kwal ƙasa da na babban jirgin Gresley. Babban dalili shi ne bawul ɗinsa dogon leɓe gare shi da doguwar tafiya, don haka ko a gajeren katof ƙofa na buɗewa da faɗi, da sauri. Bawul mai gajeriyar tafiya in an janyo ribasa ƙofarsa tsaga kawai take zama, tururi na shiga a shaƙe. Bayan gwajin Gresley ya sake fasalin bawul ɗin jiragensa.

Maƙiyin sandunan nan a ƙasarmu ƙura ce. Kowane fil na da ɗan kofin mai da lagwanin ulu kamar na fitila, yana ɗiga masa mai a hankali. Da hunturu ƙura ta haɗu da man ta zama abin wasa wuƙa, ta ci bulok, ta ci bushin. Ka ce rabin milimita a nan, rabi a can, ai ba komai. Amma fil ɗin da yawa, sakin na taruwa, kuma abin da ake faɗa a kansa duka milimita 3 zuwa 6 ne. Sai jirgi ya fara ɗingishi, numfashi uku daidai, na huɗu ya makara ko ya yi rauni. Ogan da ya koya mini aiki yana zaune a bakin loko yana cin goro, jirgi na shigowa daga nesa, sai ya ce a duba gefen hagu, kuma in an duba a samu.

Saitin bawul aikin yini ne. Jirgi na sanyi, a kan layi miƙaƙƙe, leburori na tura shi da dogayen sandunan ƙarfe da suke cusawa a ƙarƙashin ƙafa, taƙi-taƙi. Sai an fara nemo inda fistin ke mutuwa, wato ainihin ƙarshen tafiyarsa, kuma ido ba ya iya gani, domin a nan ƙafa na juyawa fistin ba ya motsi. Sai a tsaya takalmi na gab da ƙarshe, a yi masa alama, a buga fanci a jikin ƙafa. A tura a wuce ƙarshen har takalmi ya dawo kan alamarsa, a sake buga fanci. Tsakiyar ɗigon nan biyu shi ne wurin. Sau huɗu ake yi, gaba da baya, dama da hagu. A kowanne a auna lid. Sannan gwajin da na fi so: jirgi na kan wannan wurin, wani ya hau ya murɗa ribasa daga ƙuryar gaba har ƙuryar baya, kai kuma ɗan yatsanka na kan sandar bawul. Bulok zai bi tsaga daga ƙasa har sama, amma bawul bai kamata ya motsa ko da kaurin gashi ba, domin an lanƙwasa linki daidai da tsawon sandar da ke cikinsa. In ya motsa, ko sandar gindin linki ba daidai take ba, ko ƙaramin kuranki ya goce. Bayan duk wannan sai a bar ɗan rara, saboda sandar bawul na ƙara tsawo in ta yi zafi.

Ka kwatanta da babur ɗinka. Kam ɗinsa an sassaƙa shi sau ɗaya, tayimin cen na juya shi, bawul na buɗewa yadda aka yanka masa ko kana hawa tudu ko kana gangara. Motocin Toyota masu VVT-i da ke shigowa garejinku suna ɗan matsar da lokacin bawul da mai da kwamfuta, ana kallonsa sabon abu. Direban jirgin kwal na yin wanda ya fi haka faɗi da hannunsa tun kakanninmu ba su ga dogo ba.

Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya ba jirgin tururi ne zai hau shi ba, tsofaffin kuma yawancinsu an yanka su an kai kilo. Don haka in kana son abin ya zauna maka, koma kan bidiyon ka rage masa gudu. Kada ka kalli komai sai linki, har ka ga lilonsa. Sannan ka nemi inda bulok yake, sama ko ƙasa, kusa da fil ko nesa, ka faɗa wa kanka ina jirgin ya nufa da kuma ko yana fama da kaya ne. Daga nan ka samu kwali mai kauri da falanki da ƙananan ƙusoshi ka yanka naka: faifai ɗaya, linki mai tsaga, sanduna biyar. Lanƙwasar tsagar kada ka zana ta da ka. Kafa ƙusa a inda bakin doguwar sandar zai kama sandar haɗi, ɗaura zare daidai tsawon sandar, ka ja fensir da shi.